Bul Ukun Baba da Bakin Zanena

Har yau in na bi ta bayan tashar Konni da la'asar na ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, sai wuyana ya juya da kansa. Ba na tsayawa. Daga ƙarar kaɗai nakan gane ko gwani ne ya jefa ko ɗan koyo, in ja tsaki in wuce. Samarin da ke wasan ba su san ni ba. A wurinsu wata mai sayar da atamfa ce ta gifta da jaka a hammata, kuma gara haka, don in suka tambaye ni abin da zan faɗa ba zai yi masu daɗi ba.

Wasan bul nake nufi, wanda ƴan lakwal, wato ƴan boko, ke ce wa fetanki. Ƙwallaye ne na ƙarfe, kowane ya cika tafin hannu. A zana da'ira a ƙasa, a jefa ɗan ƙaramin ƙwallon katako da ake kira bushon, sai kowa ya shiga da'irar ya jefa nasa. Wanda bul ɗinsa ya fi kusa da bushon shi ya ci, kowane bul da ya fi na abokan hamayya kusa maki guda ne, waɗanda suka riga kaiwa sha uku su ke da wasa. Cikin mutum biyu, ɗaya aikinsa ya gangara bul a hankali ya ajiye shi kusa, ɗayan kuma mai harbi ne, shi ke doke na abokan hamayya ya kore shi. Ni mai harbi ce. Kuma in na harba da kyau, bul ɗina kan kori nasu ya zauna daram a gurbinsa. Wannan shi ake kira karo, kuma a ƙasar Konni ta wancan lokacin babu wanda ya fi ni yin sa. Ba yabon kai ba ne, ku je ku tambayi tsofaffin direbobi, in za su faɗi gaskiya.

Babanmu direban babbar mota ne. Kakanninmu daga wajen Sakkwato suka ƙetaro, sana'ar gidanmu kuwa tuƙi ce. A wata tafiya da ya yi bakin teku ya sayo bul uku cikin jakar fata, masu zane layi biyu a jikinsu. Da ya daina tuƙi, kullum bayan la'asar shi da abokansa suna gindin dogon yaro a ƙofar garejinsa suna jifa. Ni ke kai masu ruwa tun ina ƙarama, in sun shiga salla in ɗauki bul in yi ta harbin gwangwani. Na yi aure, auren ya mutu, na dawo gida da hannuna yadda na tafi da shi, sai ɗiya guda. Wata rana abokin wasan yayana ya yi ciwon kafaɗa, ana neman wanda zai cike gurbi, Baba ya ɗaga kai ya ce, "Ku ba ta." Suka yi dariya. Kafin magariba dariyar ta ƙare.

Daga nan maganar ta fita gari, kuma kun san Konni. Wai bazawara ta shiga cikin maza tana jifa. Dattawan da Baba ke salla da su suka zo har zaure suka same shi. Ban ji abin da suka ce ba, amma bayan sun tafi ya kira ni, jakar fatar tana gabansa.

"Ɗiyata, ban hana ki ba," ya ce. "Hannun nan Allah ya ba ki, ba ni na ba ki ba. Amma magana guda. Zanenki ya sauka har dunduniya. Ran da namiji ya ga ƙwaurinki a filin wasa, ranar ki maido mani kayana da hannunki. Kin ji?"

Na ce na ji, Baba. Na ma yi murna, don a ganina ba a ɗora mani komai ba. Dama haka nake ɗaura zanena. Mai harbi a tsaye yake jifa, ba sai ya tsuguna ba. Na ɗauki jakar na fita ina jin kamar an ba ni mota.

Da wannan zanen na yi shekaruna na wasa, wajen farkon shekarun dubu biyu zuwa tsakiyarsu. Ni da yayana, shi yana ajiyewa ni ina harbi. Mayafina in naɗe shi a ƙugu, hannun dama a sake. Duk inda aka sa gasa muna can. Illela ranar kasuwa, Dogarawa bayan girbi, har Alela mun je a bayan babur, ƙurar hanya ta mai da mu jajaye. Da wasan nake ci, da shi nake tufatar da ɗiyata. Mun ci buhun shinkafa, mun ci turmin atamfa, mun ci rago ana gobe jajibirin salla. Keken ɗinkin da ke ɗakina har yanzu daga Illela na kawo shi a kan motar kasuwa. Manyan ƴan kasuwa sukan aiko a tambaya ko zan buga masu. Mata masu fura sukan bar ƙwaryarsu su zo su leƙa, in na yi karo su rangaɗa guɗa, mazan su yi kamar ba su ji ba.

Kada wani ya ce mani an karɓe ni hannu biyu. An dai haƙura da ni ne don ina ci. A mota sai in zauna can baya tare da awaki. In an kawo abinci a fili, nawa sai a miƙo mani gefe. Duk wannan bai dame ni ba. Na san abin da na zo yi.

Akwai wani dillalin albasa daga wajen Galmi, mai harbi ne shi ma, kullum da farar hula a karkace. Kafin in fito shi ake tsoro. A Illela na haɗu da shi, muka ba su sha uku ba su ci ko ɗaya ba. A wasan bul babu kunyar da ta kai wannan, sai a yi shekara ana yi wa mutum ba'a. To shi kuma mace ce ta yi masa. Aka ce har a kasuwar albasa in ya yi gardamar farashi sai a ce masa ya yi a hankali kada a kira ta. Ni ban aike su ba. Amma ni ya riƙe a ransa.

Gasar da ta gama da ni a Malbaza aka yi ta, da rani. Waɗanda suka ci su za su tafi Tawa su wakilci yankinmu, daga can in an dace sai Yamai. Ban taɓa wasa a Yamai ba, kuma ina so, wallahi ina so. Filin Malbaza ƙasa ce mai tauri, tsakuwa ce zalla, irin wadda mai harbi ke jin daɗi. Muka yi ta kaɗe mutane tun safe har muka kai wasan ƙarshe. Wa muka tarar? Mai farar hula da abokinsa.

Jama'a ta cika, har a kan motoci. Muka fara, hannuna kuwa ranar ba ya kuskure. Mun kai goma suna can baya suna lalube. Na shiga da'ira zan harba, sai mai farar hula ya ɗaga hannu ya kira alƙalin wasa.

"Ni ban ga ƙafarta ba," ya ce.

Alƙalin, wani siririn mutum mai usur a wuya, ya ce, "Mi kake nufi?"

"Doka ta ce ƙafa biyu cikin da'ira, kada ta taka layi, kada ta ɗaga har bul ya faɗi. Wanga zane ya rufe komi. Wa ya sani ko taka layi take tun safe? Wa ya sani ko ƙafa guda take ɗagawa?"

Dokar gaskiya ce, akwai ta. Amma ku ji wanda ke kawo ta! Mutumin da kowa ya sani, daga Konni har Madawa, ba ya harbi sai dunduniyarsa ta hagu ta tashi sama. Shekara da shekaru muna gani muna kau da kai, don wasa ne ba shari'a ba. Na faɗa masa haka a gaban kowa. Ya yi murmushi ya ce, "Ni dai tawa ana ganin ta."

Na ce to a zuba ido a dubi bakin zanen, ai yana cikin da'ira. Alƙali ya ce zane ba ƙafa ba ne. Na ce zan cire takalmi in taka, in na fita a duba sawuna. Ya nuna mani tsakuwa ya ce wane sawu zai fito a nan. Akwai wata Bafillatana mai nono a bakin fili, dattijuwa, na ce to ga mace ƴar'uwata, ta zo ta tsuguna ta duba ta shaida maku. Mai farar hula ya ce ita ba ta san doka ba. Duk ƙofar da na taɓa sai in tarar an riga an kulle ta. Sai a lokacin na gane ba a nan take ya tuno maganar ba. Da ita ya kwana, da ita ya zo. Kuma sharaɗin da Baba ya kafa mani ba asiri ba ne, duk direban da ke bin hanyar nan ya san shi.

Sai alƙalin ya ce ya samo mafita, shi zai duba da kansa. Ya zo gabana, ya durƙusa, ya kwantar da kuncinsa kusa da ƙasa yana leƙen ƙarƙashin zanena. Babban mutum mai furfura! Wani daga kan mota ya yi ihu, "Malam, mi ka gani?" Fili ya ɗauki dariya. Wasu samari su ma suka durƙusa daga inda suke suna kwaikwayonsa. Ni kuwa ina tsaye da ƙarfe a hannu. Da na bi zuciyata, da bul ɗin nan a ƙeyarsa zai sauka. Na harba haka nan, na kuskure. Na sake, na kuskure.

Haka aka ci gaba. Duk shigata da'ira sai ya durƙusa, jama'a ta yi shewa. Hannuna ya lalace. Suka yi ta ci har suka kamo mu, suka wuce, suka kai sha biyu muna nan a goma. Sannan alƙalin ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa ya ce shi fa gaskiya ba ya gani sosai, kuma bayansa ya gaji. Daga yanzu duk bul ɗin da na jefa bai ga ƙafata a fili ba, ba za a lissafa shi ba.

Na juya wajen yayana. Ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya, tun da aka fara abin nan yana ta goge bul ɗinsa da tsumma. Na ce, "Yaya, ba za ka yi magana ba?" Ya matso ya rage murya ya ce, "Ki yi haƙuri, mu bar masu. Wasa ne. Gobe ma rana ce."

Gobe? Wace gobe? In na fita daga filin nan a haka, kafin in isa gida kowane mai wasa a yankin ya koyi dabarar. Illela za a ce ba a ga ƙafata ba, Dogarawa haka, ko'ina haka. In kuma na ɗage zane, na san abin da ke jirana a zauren Baba. Ko ta ina na bi, sun riga sun raba ni da wasan. Abin da ya rage mani kawai shi ne in zaɓi yadda zan fita.

Aka jefa bushon. Abokin mai farar hula ya ajiye bul ɗinsa kusa. Yayana ya jefa nasa uku, ko ɗaya bai je inda ake so ba. Saura ni. In na kuskure sun ci.

Na ajiye bul ɗina a ƙasa. Na kama zanena ta ƙugu, na naɗe shi sama, bai fi faɗin tafin hannu ba, na soke. Idon sawuna ya fito, da ɗan ƙwaurina, da baƙin lallen da na sa don bikin wata ƙawata. Waɗanda ke dariya ɗazu suka sunkuyar da kai, munafukai, kamar ba abin da suke roƙo ke nan ba.

Na ce wa alƙalin, "Ka gani?"

Ya ce, "Na gani."

Na ce wa mai farar hula, "Kai fa? Buɗe idonka da kyau, don ba za ka sake gani ba."

Na harba. Bul ɗinsu ya yi tsalle ya bar fili, nawa ya zauna a gurbinsa. Mai farar hula ya shiga don ya kore nawa, ya harba sau biyu bai taɓa komai ba, dunduniyarsa kuwa tana sama kowa na kallo, alƙali yana duban gajimare. Abokinsa ya sake ajiye wani ya fi nawa kusa. Na kore shi, nawa ya zauna. Mai farar hula ya jefa na ƙarshensa ya tafi can wajen masu rake. Abokin ya ajiye nasa na ƙarshe har yana jingine da bushon. Na numfasa, na harba. Ƙarar da ta fito ranar ita nake nema har yau a bayan tasha ban sake jin irinta ba. Bul ukun Baba suka kewaye bushon, goma ta zama sha uku. Bafillatanar nan ta saki guɗa ita kaɗai. Na sauke zanena, na kwashe kayana, ban ba kowa hannu ba, ban tsaya karɓar kofi ba.

Labari ya riga ni isa Konni, dama direbobi ba su da aikin da ya fi wannan. Washegari da hantsi na ɗauki jakar fatar na nufi zaure. Dattawan nan suna zaune tare da Baba a kan tabarma. Da suka gan ni suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka fita, ko amsa gaisuwata ba su yi ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye jakar a gabansa. Ba shi ya aiko a kira ni ba. Ni na kawo, don haka muka yi da shi.

Ba zan ɓoye ba, ina sa rai. Na ɗauka zai ce ya ji yadda aka yi, ya san tilasta mani aka yi, in ɗauki kayana. Shi ya koya mani riƙon bul. Ya fi kowa sanin abin da aka yi mani a filin nan.

Ya buɗe jakar, ya fito da ɗaya, ya jujjuya shi yana duban sabon tabon da tsakuwar Malbaza ta yi masa. Ya leƙa ƙofa ya tabbata babu kowa. Sannan ya matso da fuskarsa, idanunsa suna ƙyalli kamar na yaro, ya ce a hankali, "Da gaske ne karo uku kika yi a jere?"

Na ce, "Da gaske ne, Baba."

"Na ƙarshen yana jingine da bushon?"

"Yana jingine."

Ya girgiza kai, ya ce, "Kai! Kai, kai, kai." Ya yi dariya har haƙoransa na goro suka fito. Sai ya mai da bul ɗin cikin jaka, ya ɗaure bakinta, ya tura ta bayansa. Ya ce, "Tashi ki tahi, Allah shi yi maki albarka."

Shi ke nan. Na jira kwana, na jira wata. Da lokacin zuwa Tawa ya yi, aka ce yayana yana bukatar mai harbi, kuma a yankin babu wanda ya rage sai mutum guda. Mai farar hula. Tare suka shiga mota a tashar Konni, yayana har da riƙe masa jaka. Ina tsaye a ƙofar gida suka wuce. Aka fitar da su tun ranar farko, amma wannan bai sanyaya mani rai ba ko kaɗan. Ni da yayana mun yi shekara gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Wasu sun ce in sayi wasu bul mana, ai ana samun su. Ba su gane ba. Ba ƙarfen Baba ya karɓa ba, izininsa ya janye, kuma ni ba zan fita fili a kan idonsa ba tare da shi ba. Kalma guda nake jira daga bakinsa. Kullum da safe ina kai masa kunu, ya tambaye ni jikar tasa, ya tambaye ni kasuwar atamfa da na fara, mu yi hira mu rabu. Wani lokaci in na juya zan fita sai ya ce, "Ke," in tsaya ina jira. Sai ya ce in turo masa buta.

Ya rasu ƴan shekaru bayan haka. Bayan an share makoki muna kwashe kayan ɗakinsa, na jawo jakar daga ƙarƙashin gado. Na ɗauka zan tarar da su sun yi tsatsa, don bul in an ajiye shi damina biyu ja yake komawa. Ina buɗewa sai warin man inji ya bugi hancina. Kowane an naɗe shi da tsumma, sumul, yana sheƙi. Innarmu ta ce ai duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya rufe ƙofa ya fito da su ya shafe su da mai. Matan da ke ɗakin suka hau cewa Allah sarki, dubi irin son da yake yi maki.

Na ce su yi mani shiru. So? Duk Juma'ar nan ina tsakar gida, taku kaɗan tsakanina da ƙofarsa. Ya iya tuna ƙarfe kada ya yi tsatsa, ni kuwa ya bar ni ina tsatsa a gabansa don kada abokan sallarsa su ce ya janye magana. Na yafe masa, ubana ne, ina yi masa addu'a kowace salla. Amma kada a ce mani in ji daɗi.

Da yamma da gida ya yi shiru na fita bayan gareji, na kafa gwangwani, na ja da'ira da ƙafata. Na ɗaga hannu na harba. Bul ya faɗi tun bai kai rabin hanya ba, kafaɗata ta amsa da zafi har wuya. Na sake, ya bi gefe. Na uku ban jefa ba. Na tsaya da shi a hannu, man da Baba ya shafa yana malale mani a tafi, zanena yana share ƙasa har dunduniya, babu ko mutum ɗaya da ke kallo.